Daren da 'yan Vancouver suka ƙone garinsu don an cinye su wasa

Rubutun nan yana da tsawo, amma ku daure ku kai ƙarshe, musamman masu zuwa gidan kallon da ke bayan ƙaramin get.

Duk wanda ke wurin ranar Lahadi ya ga abin da ya faru. An tashi wasa, wani ya yi wa wani tsiya, aka fara jifa da ledar ruwa, daga nan aka koma benci, kafin ka ce kwabo an fasa talabijin ɗin mai gidan kallo an ture masa janareta. Duk a kan kulob biyu na Ingila da ba su san da zamanmu a duniya ba. Abin da ya fi damuna shi ne bidiyon da ke yawo a guruf-guruf tun daren. Fuskoki biyu da suka fi fitowa fes a ciki na yaranmu ne, ɗaya ma ɗan aji ɗaya ne da bai gama semista ta farko ba. Na je ɗakinsa jiya, ya rantse mini ba shi ya fara ba, shi dai ya ga kowa na ɗaga benci ne shi ma ya ɗaga. Na yarda da shi. Sai dai kwamitin ladabtarwa bidiyo zai kalla.

Maganarsa ce ta tuna mini wani tarihi da na daɗe ina karantawa, na wata ƙasa da da yawanmu ke mafarkin zuwa digiri na biyu, wato Kanada. Mu dai abin da muka sani game da mutanen Kanada shi ne sanyin hali da ladabi. To su ɗin ma suna da nasu daren hauka, kuma a kan wasa.

Wasan nasu hoki ne, ƙwallon gora da ake yi a kan ƙanƙara. Mutum shida-shida ne a fili har da gola, suna sanye da takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, suna sulɓi suna korar wani ɗan faifan roba baƙi da sanduna masu lanƙwasa. Akwai bangaza, akwai gudu, wani lokacin har a cire safar hannu a ba hamata iska alƙalin wasa na tsaye yana kallo. Yadda yaronmu ke tasowa da ƙwallon tsumma a lungu, haka yaron Kanada ke tasowa da hoki a kan tafkin da sanyi ya daskarar. A wurinsu wasan nan nasu ne, su suka raine shi.

Babban kofin wasan shi ne Kofin Stanley. Sunan wani Bature ne, Lord Stanley, gwamna janar na Kanada, wanda ya ba da kofin kyauta a 1892 don a riƙa ba ƙungiyar da ta fi kowa a Kanada. An fara ba da shi a 1893, wata ƙungiyar Montreal ta ɗauka. Babbar gasar da ake kira NHL ita ma a Montreal aka kafa ta a 1917, kuma duk ƙungiyoyinta na farko na Kanada ne. Sai a 1924 aka shigo da ƙungiyar Amurka ta farko, Boston Bruins. Ku riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Daga nan ne abin ya fara suɓucewa. Amurka ta fi mutane, ta fi kuɗi, ta fi gidajen talabijin. Yau a cikin ƙungiyoyi 32 na gasar, 7 ne kawai a Kanada, sauran 25 duk a Amurka suke. A watan Agustan 1988 ƙungiyar Edmonton ta sayar da Wayne Gretzky, wanda ake ɗauka ba a taɓa yin kamarsa ba a wasan, ga ƙungiyar Los Angeles, garin da ko ƙanƙara ba ya gani. Mutanen Kanada sun ji abin kamar an yi musu mutuwa. A 1995 aka ɗauke ƙungiyar birnin Quebec aka kai ta Denver a Amurka, shekara na zagayowa ta ci kofin da sabon suna. A 1996 aka ɗauke ta Winnipeg aka kai ta Phoenix, tsakiyar hamada. Shugaban gasar tun 1993, Gary Bettman, lauya ne Ba'amurke, kuma shi 'yan Kanada ke ɗora wa laifin yawancin wannan, shi ya sa da wuya ya fito fili a can ba a yi masa ihu ba.

Haushin kuwa ya girmi hoki. Ƙasashen biyu suna da iyaka mai tsawon kusan kilomita 8,900, babu wadda ta kai ta tsawo a duniya. Sun taɓa yaƙi a 1812, lokacin Kanada na hannun Ingila. Sojojin Amurka sun ƙone gine-ginen gwamnati a garin York, wanda yanzu ake kira Toronto, a 1813, sojojin Ingila kuma suka rama a 1814 suka banka wa fadar White House wuta. Bayan nan an zauna lafiya, amma zaman ƙarami ne da babba. Kanada mutum miliyan 40 ne da 'yan kai, Amurka sun haura miliyan 330. Kusan kashi uku cikin huɗu na kayan da Kanada ke fitarwa Amurka take kai su. Fim na Amurka, waƙa ta Amurka. Firaminista Pierre Trudeau ya taɓa kwatanta maƙwabtakar a 1969 da kwana kusa da giwa: ko tana da kirki, in ta motsa sai ka ji a jikinka. Abu ɗaya da ɗan Kanada zai bugi ƙirji ya ce ya fi Ba'amurke shi ne hoki. To ga shi kofin ma ya tafi ya ƙi dawowa. Rabon da wata ƙungiyar Kanada ta ci shi tun 1993, lokacin da Montreal ta doke Los Angeles.

Yanzu mu je Vancouver, birnin da ke gaɓar teku a yammacin Kanada, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota zuwa iyakar Amurka. Ƙungiyarsu Canucks ta shiga gasar a 1970, kuma ba ta taɓa cin kofin ba. Ta je wasan ƙarshe a 1982 aka lallasa ta. Ta koma a 1994 ta haɗu da New York Rangers. A tsarinsu wasan ƙarshe ba sau ɗaya ake yi ba, wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai shi ya ɗauki kofi. An kai har wasa na bakwai, ranar 14 ga Yuni 1994, a New York, aka ci Vancouver 3 da 2. A daren dubun-dubatar mutane suka cika titin Robson a tsakiyar Vancouver, aka fara farfasa shaguna, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa da harsashin roba. Kimanin mutum 200 suka ji rauni, wani matashi da harsashin roba ya samu a ka ya samu lahani na har abada. Aka kafa kwamitoci, aka rubuta rahoto, aka ce ba za a sake ba.

Shekara 16 bayan nan, a Fabrairun 2010, Vancouver ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta lokacin sanyi. Wasan ƙarshe na hoki ya haɗa Kanada da Amurka, ƙasa da ƙasa, ranar 28 ga wata. Amurka ta farke saura daƙiƙa 24 a tashi, aka shiga ƙarin lokaci, Sidney Crosby ya jefa ta uku, Kanada ta ci 3 da 2. Kusan rabin mutanen ƙasar suna gaban talabijin a lokacin. Titunan Vancouver suka cika maƙil, aka kwana ana murna, ba a ƙone komai ba. Wannan ne ya ruɗi hukumomin birnin. Suka ɗauka mutanensu sun waye, an wuce zamanin 1994.

Sai ga 2011. Canucks ta gama kakar wasa tana gaban kowa a maki, ta kai wasan ƙarshe, abokiyar karawarta kuwa Boston Bruins, wannan dai ta farkon da Amurka ta shigo da ita. Tun wasan farko aka fara gaba: wani ɗan wasan Vancouver, Alex Burrows, ya ciji yatsan Patrice Bergeron na Boston. A wasa na uku aka bangaje Nathan Horton na Boston sai da aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, aka dakatar da wanda ya yi bangazar wasa huɗu. A na shida wani ɗan Vancouver, Mason Raymond, ya samu karaya a ƙashin baya. Vancouver ta ci wasa biyun farko a gida, ta je Boston aka zuba mata 8 da 1, aka ƙara mata 4 da nema. Haka aka yi ta yi har aka tsaya uku-uku. Wasa na bakwai a Vancouver, ranar Laraba 15 ga Yuni 2011.

Hukumar birnin ta kafa manyan allunan kallo a titin Georgia, kusa da babban ɗakin karatu da babban gidan waya, ta gayyaci kowa. Gidan kallo ne dai, sai dai na birni guda. Binciken da aka yi daga baya ya ƙiyasta mutum 155,000 ne suka taru a tsakiyar garin, da yawansu matasa ne da suka shigo ta jirgin ƙasa daga unguwannin kewaye, kuma sun sha sun yi tatul tun kafin su iso. An ba da umarnin rufe shagunan giya da wuri, amma mutane sun riga sun yi guzuri. 'Yan sandan da aka tanada da farko ba su kai 500 ba. Tun kafin a fara wasa aka daina binciken masu shiga, don shingen ya gagara riƙuwa.

Boston ta ci 4 da nema, ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1972. A cikin filin wasan, 'yan kallo sun yi wa Bettman ihu kamar yadda aka saba, amma sun tafa wa 'yan wasan Boston. A waje ne abin ya lalace. Wasa bai gama ƙarewa ba aka fara jifan allo da kwalabe, aka kife wata mota a gaban gidan waya aka cinna mata wuta. Aka ƙone riguna da tutocin Boston. Daga nan aka bi motoci, har da na 'yan sanda. Aka fasa babban kantin Hudson's Bay da London Drugs da Sears ana kwasar kaya, ma'aikata na ɓoye a ciki suna kuka. Waɗanda suka yi ƙoƙarin tare ƙofar shago ko hana ƙona mota, wasunsu sun sha duka a hannun taron. Sa'o'i aka yi ana haka. Aƙalla mutum 140 suka ji rauni, aka kama kimanin 100 a daren, an lalata motoci sama da 100 da shaguna sama da 100, asarar ta doshi dala miliyan 4 ta Kanada.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani. In ka tambayi matashin da ke tsalle kan motar nan, zai ce maka Amurkawa sun sake ƙwace kofinsu. To su wa suka ci ƙwallaye huɗun nan? Patrice Bergeron biyu, Brad Marchand biyu. Bergeron ɗan lardin Quebec ne, Marchand ɗan Nova Scotia, dukkansu 'yan Kanada. Bergeron ma yana cikin waɗanda suka ci wa Kanada zinare a wannan filin a 2010, shi da golan Vancouver Roberto Luongo a ƙungiya ɗaya, mutanen garin na yi musu tafi. Milan Lucic na Boston haifaffen Vancouver ne, a nan ya tashi. Ita kuwa Canucks da ake cewa ta Kanada, kyaftin ɗinta Henrik Sedin da ɗan tagwayensa Daniel 'yan Suwidin ne, ɗaya daga cikin zaratanta, Ryan Kesler, Ba'amurke ne da ya buga wa Amurka a wancan wasan na Olamfik. A sauran lardunan Kanada ma akwai da yawa da ba sa goyon bayan Canucks ɗin.

Sannan motocin da aka ƙone na wa? Na 'yan Vancouver. Shagunan da aka fasa, yaran Vancouver ke aiki a ciki. Kuɗin gyara daga harajinsu ya fito. 'Yan wasan Boston sun hau jirgi sun tafi da kofinsu, ko ƙwarzane babu wanda ya samu daga tarzomar. Haushin kaza ne aka huce a kan dami.

Da farko magajin gari Gregor Robertson da shugaban 'yan sanda Jim Chu sun ɗora laifin kan 'yan daba da masu neman tayar da fitina da suka zo da shiri. Ya fi daɗin faɗa, don kowa na so a ce ɓata-gari ne daga wani wuri. Amma da aka fara gano fuskoki sai aka ga yawancinsu yaran gida ne: 'yan sakandare, ɗaliban jami'a, masu ƙananan ayyuka, da yawa ba su taɓa shiga hannun hukuma ba. Binciken da John Furlong da Douglas Keefe suka jagoranta ya tattara dalilin a kan abu biyu, mutane sun yi yawa, kuma an bugu da yawa. Tarihi ma ya nuna faɗuwa ba ita kaɗai ce ke kawo abin ba. A 1993 da Montreal ta ci kofin, cin nasara fa, magoya bayanta sun farfasa titin Sainte-Catherine sun kife motoci. A wannan titin dai aka yi tarzomar 17 ga Maris 1955, lokacin da shugaban gasar Clarence Campbell ya dakatar da gwarzon masu jin Faransanci, Maurice Richard, sai da Richard ɗin da kansa ya shiga rediyo washegari ya roƙi mutane su bari. Ko an ci, ko an faɗi, ko an dakatar da wani, in taro ya cika kuma mutum ɗaya ya fara, sauran bi suke yi.

Bambancin 2011 da 1994 shi ne waya. A 2011 kusan kowa na riƙe da kyamara a aljihu. Masu tarzomar da kansu suka riƙa tsayawa gaban mota na ci da wuta ana ɗaukarsu hoto, wasu suka hau Facebook suna alfahari da abin da suka yi. Gari na wayewa aka buɗe shafuka ana saka hotuna ana tambayar wa ya san wannan. Abokan aji da maƙwabta suka riƙa ba da sunaye. Wani yaro ɗan shekara 17, ɗan wasan ruwa da ke cikin ƙungiyar matasa ta ƙasa, an ɗauke shi yana ƙoƙarin cinna wa motar 'yan sanda wuta. Aka dakatar da shi daga ƙungiyar, iyayensa kuma sai da suka bar gidansu na ɗan lokaci saboda barazana. Wata ɗalibar jami'a an ɗauke ta tana fitowa daga shago da wandunan maza da ko amfaninsu ba ta da shi, ta rasa aikinta, sunanta ya zaga duniya. 'Yan sanda suka tattara bidiyo na dubban sa'o'i suka kai wani ɗakin bincike a Indianapolis, a Amurkar dai da ake jin haushi, aka bi fuska ɗaya bayan ɗaya. An ɗauki shekaru ana shari'a. A ƙarshe mutum 300 aka gurfanar kan tuhuma sama da 900, kuma kusan dukkansu sun amsa laifi ko an same su da shi. Na farkon da aka yanke wa hukunci, a Fabrairun 2012, wata 17 aka ba shi. A gaban alƙali maganar yawancinsu ɗaya ce da ta ƙaninmu na jiya: ban san me ya hau kaina ba, na ga kowa na yi ne.

Don adalci, akwai ɗaya ɓangaren. Washegari da sassafe dubban mutanen garin suka fito da tsintsiya da buhunan shara suka share titunan. Katakon da aka rufe tagogin Hudson's Bay da shi, aka cika shi da rubutun ban haƙuri. Amma hoton da duniya ta riƙe na hayaƙi ne.

Gabar kuma ba ta mutu ba. Bayan 1994 ƙungiyoyin Kanada sun je wasan ƙarshe sun faɗi a hannun na Amurka a 2004 da 2006 da 2007 da 2011 da 2021, sai Edmonton da Florida ta doke sau biyu a jere, 2024 da 2025. A Fabrairun 2025, lokacin da Donald Trump ke barazanar ƙaƙaba wa Kanada haraji yana cewa ta zo ta zama jiha ta 51, ƙasashen biyu suka haɗu a Montreal. 'Yan kallo suka yi wa taken Amurka ihu, aka yi dambe uku cikin daƙiƙa tara na farkon wasa. Kwana biyar bayan nan Kanada ta ci wasan ƙarshe 3 da 2, a cikin Boston. Wannan karon faɗan ya tsaya a kan ƙanƙara tsakanin waɗanda ake biya su yi shi.

Mu ma ba baƙin abin ba ne. Ranar 29 ga Maris 2022 da Ghana ta hana mu zuwa Kofin Duniya bayan an tashi 1 da 1 a Abuja, filin wa aka farfasa? Namu, wanda ba a daɗe da gyarawa ba. 'Yan Ghana suka tafi Katar, mu FIFA ta ci mu tara.

To 'yan uwa, su can Vancouver a garinsu suke, iyayensu na da lauyoyi, duk da haka kun ga yadda ta ƙare musu. Mu nan baƙi ne. In ɗan gari ya ɗaga benci, za a ce wane ya yi faɗa. In ɗayanmu ya ɗaga, cewa za a yi 'yan Arewa sun yi faɗa, kuma kun san yadda ƙaramar magana irin wannan ke girma a garin nan, ta bar makaranta ta isa kasuwa, ta shafi mai shayi da mai suya da ɗan acaɓan da ko wasan bai kalla ba. Ga iyayen da suka sayar da amfanin gona suka sa mu a mota tafiyar kwana guda, ba su turo mu kare martabar wani kulob na Landan ba.

Ban ce kar a je kallo ba, ni ma ina zuwa, kuma ina jin zafi in an cinye mu. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In ka ji murya ta fara tashi, ja hannun na kusa da kai ku fita tun kafin a hura usur. Kar ka tsaya kallo, kar ka tsaya ɗaukar bidiyo, don a Vancouver masu tsayawa da waya su ne suka hana 'yan sanda isa wurin, kuma su ne suka ba masu ɓarna ƙwarin gwiwa. Manyan aji, ku riƙa sa ido kan sababbin yaran nan.

Game da mai gidan kallo kuma, mun yi magana da wasu daga cikin shugabanninmu, za a zauna bayan sallar Juma'a a harabar masallaci a ga abin da za a iya haɗawa a kai masa, mu je mu ba shi haƙuri kafin yaran su zauna gaban kwamiti. Mutumin nan da talabijin ɗin yake ciyar da iyalinsa. Wanda ke da hali ya zo da abin da ya sawwaƙa, wanda ba shi da shi ya zo da ƙafarsa.

Allah Ya tsare mu, Ya sa mu gama lafiya mu koma gida da abin da muka zo nema.